ZAUREN ANTI: Kayan Kallon Amarya, A Sayi Na'urar Faifan 4K Ko A Haƙura?

  

Cikin wasiƙun da suka iso ni nan Unguwar Dosa a wannan watan, akwai ɗaya da ta tsaya min a rai, daga wata ƙanwata ta Badarawa wadda ta roƙi a sakaya sunanta. An sa bikinta bayan Babbar Sallah. Mahaifinta ɗan fansho ne, da ƙyar da jiɓin goshi aka haɗa gado da kujeru da kayan kicin, abin da ya rage shi ne kayan kallo. To sai ta je ganin ɗakin wata ƙawarta da aka kai Malali, ta tarar da ƙatuwar falasma ta cinye rabin bango, ga hom tiyata an jera lasifika ko'ina, ga kuma wata baƙar na'urar faifai da aka ce mata sunanta 4K, wai ko gashin girar ɗan fim sai ka ƙirga. Tun ranar ta rasa sukuni. Mahaifiyarta ta ce in ba yadda za a yi, sai a sayar da sarƙar gwal ɗinta da ta gada a haɗa da kuɗin adashe a saya. Tambayar da ƙanwar tawa ta aiko ita ce, wacce iri ce ta fi kyau ta zaɓa?

Ƙanwata, matambayi ba ya ɓata, kuma zan ba ki amsa dalla-dalla. Sai dai kafin mu kai ga wacce iri, bari in ɗan ja ki baya ki san asalin abin da kike so a sayar da gwal dominsa.

DAGA KASET ZUWA FAIFAI

Ku 'yan yanzu ba ku riski zamanin kaset ba. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan kasuwar fim ɗin Hausa ta buɗe, Gimbiya Fatima ya biyo baya. Lokacin da Sangaya da Wasila suka fito, wato wajejen shekarar 2000, duk gidan da ke da bidiyo a layinku ya zama silima, yara cike da tsakar gida har bakin zaure. Wasila ma ai namu ne, Yakubu Lere na nan Kaduna ya shirya shi. Amaryar wancan lokaci in aka ɗora mata bidiyo da talabijin mai ƙeya a kan dibaida, to ta gama kece raini.

Ba a jima ba faifan VCD ya ture kaset, DVD kuma ya zo ya ture VCD. Shi DVD a Japan ya fara fita a 1996. A 2006 aka fito da Blu-ray, ya yi takara da wani mai suna HD DVD na kamfanin Toshiba, har a 2008 Toshiba ya ce ya sallama, waɗanda suka riga suka sayi tasa na'urar aka bar su riƙe da akwatin da ba faifan sa masa. Sai a 2016 wannan na 4K ya shigo kasuwa, cikakken sunansa Ultra HD Blu-ray. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya rufe wannan babi. Kin ga kenan a cikin shekara 26 kacal an canza abin kallo sau huɗu. Ina bidiyoyin da aka yi gori a kansu? Suna ƙarƙashin gado, ko a hannun 'yan jari-bola. Ita kuwa sarƙar gwal ɗin da aka saya a 1990 har gobe kuɗi ce, ƙara daraja ma take yi.

MENE NE 4K ƊIN?

Hoton da kike gani a talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, kamar yadda ake jera zare a saƙa. In zaren ya yi kauri kuma ya yi kaɗan, zanen sai ya fito gwarjam. In siriri ne kuma da yawa, sai ya fito sumul kamar shadda mai tsada. Hoton VCD ɗigo dubu 100 ne da 'yan kai. Na DVD ya haura dubu 400. Na Blu-ray miliyan 2. Shi kuwa 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, in kin lissafa ya zarce miliyan 8. Wato ya ninka Blu-ray sau 4, ya ninka DVD sau 20. Don haka ne faifan DVD mai shafi ɗaya ke ɗaukar giga 4.7, na 4K kuma ya ɗauki giga 66 ko 100.

Bayan yawan ɗigo akwai abin da suke kira HDR. Aikinsa shi ne ya sa haske ya yi haske sosai, duhu ya yi duhu sosai, ba tare da abin da ke cikin duhun ya ɓace ba. Masana harkar ma sun fi yaba wannan a kan yawan ɗigon. Gaskiya ɗaya ce, abin yana da kyau. Kuma faifai ya fi kallon intanet ta wani fannin, ba ya cin data, ba ya tsayawa yana juyi don sabis ya yi ƙasa. Netflix da kansu sun ce kallon 4K na iya lashe giga 7 a awa ɗaya. Ban hana ki sha'awarsa ba. Amma ga tambayoyi huɗu da nake so kowace mai wannan buri ta amsa wa kanta tsakaninta da Allah.

TAMBAYA TA FARKO: ME ZA KI SA A CIKI?

Nan ne gizo ke saƙar. Fina-finanmu na Hausa ba su bi ta kan wannan faifai ba sam. Daga DVD kasuwar ta tsallaka zuwa tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, da YouTube, da shagunan masu tura fim a waya. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So, duk ta can kuka san su, ba wanda kuka saya a faifan 4K. Fassarar Indiya-Hausa da kuke so ita ma a waya ko filas ake tura ta. Bidiyon bikinki kansa a filas mai ɗauka zai kawo miki, kuma falasmar yanzu tana da ramin da za ki soka filas ta kunna ba tare da wata na'ura ba.

Abin da ake bugawa a faifan 4K yawanci fina-finan Amurka da Turai ne da wasu na gabashin Asiya, ba fassara. A can ma faifai ɗaya sabo yana kai dala 20 zuwa 30, ki buga a kuɗinmu ki gani, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Shi kuwa faifan nan da ake tallarsa a baro mai fim 20 a ciki, ko an rubuta 4K da ruwan gwal a jikin ledarsa DVD ne da aka danne aka cusa. Na gaskiya yana zuwa ne cikin baƙin gida mai tambarin Ultra HD Blu-ray, fim ɗaya tak. Sannan ki sani ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro abin kasuwar faifai ta ja baya. Kamfanin Oppo ya daina ƙera na'urar a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbi a 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024. Netflix da ya fara sana'arsa da aika wa mutane DVD ta gidan waya ya rufe wannan sashe a watan Satumba 2023. To masu abin suna ajiyewa, ke kuma za a sayar da gwal a ɗauko miki?

TAMBAYA TA BIYU: WACE TALABIJIN GARE KI?

Na'urar 4K ba ta iya ƙara wa talabijin abin da ba ta da shi. In falasmarki mai inci 32 ce, yawancinsu ba 4K ba ne, hoton da za ki gani bai wuce ƙarfinta ba, kamar ki zuba ruwan tulu a moɗa. Sai talabijin ta kasance 4K ita ma, kuma babba, inci 55 ko sama, kina zaune bai fi mita biyu da ita ba, sannan idonki zai rarrabe. Kuma waɗannan na'urori ba su da ramin wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, da muka saba. Hotonsu ta wayar HDMI kaɗai yake fita, ita ma sai mai kyau wadda aka yi don 4K. Talabijin mai ƙeya kam ba ma a maganarta.

TAMBAYA TA UKU: SAUTIN FA?

Abin da ake nufi da hom tiyata na sosai shi ne lasifika biyar da ƙatuwa ɗaya mai gurnani, shi ne kike ganin an rubuta 5.1. Uku a gaba, biyu a bayan kujera. Faifan 4K da yawa suna ɗauke da sautin da ake kira Dolby Atmos, mai sa ki ji kamar ruwan sama a kanki yake zuba, amma sai da amfilifaya ta musamman mai fahimtarsa, wadda sau da yawa ta fi na'urar faifan tsada. Ƙananan hom tiyatar da suka cika kasuwa, masu fitilu ja da kore, ba su san da zamansa ba. Sannan in gidan haya za a kai ki, ɗaki ciki da falo, bango ɗaya da maƙwabta, ina za ki kai wannan gurnani? Amarya ta tare jiya, yau an kai ƙararta wurin mai gida, wannan ai ba farawa da ƙafar dama ba ce.

TAMBAYA TA HUƊU: YA WUTAR UNGUWAR?

Kowa ya san halin wutarmu, yau ta zo da ƙarfi gobe ta zo kamar kyandir. Waɗannan na'urori ba su da juriyar tsohuwar rediyo. Dole a haɗa da sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta ki zare soket kafin a dawo da ita ko a tayar da janareto. In ta ƙone, ba kowane mai gyara ne ke da kayanta ba, sai an aika Legas ko waje. Duk wannan kuɗi ne da ba a faɗa miki a shago.

GA MASU HALI

Na san a cikinku akwai waɗanda Allah Ya hore wa, ko angon ne mai son kallo kuma yana da hanyar samun faifan. Ku ma ba zan bar ku a duhu ba, tunda sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Manyan kamfanonin da suka rage a harkar su ne Sony da Panasonic. Sony UBP-X700 ƙarama ce mai ɗan sauƙin kuɗi. Panasonic DP-UB820 ita ce ta tsakiya wadda masu son kallo suka fi yabawa, babbar yayarta DP-UB9000 kuwa sai wane da wane. Ki dace na'urar da talabijin ɗinki. Kowane faifai mai HDR yana da na gama-gari da ake kira HDR10, sai kuma ƙarin iri biyu, Dolby Vision da HDR10+. Talabijin ɗin Samsung ba ta karɓar Dolby Vision, HDR10+ take karɓa. Ita Sony ɗin nan Dolby Vision take bayarwa, kuma sai kin shiga saiti kin kunna da hannu. Panasonic UB820 tana ba da duka biyun. In da amfilifaya, ki zaɓi mai ramin HDMI biyu, ɗaya ya tafi talabijin ɗaya ya tafi wurin sauti.

Ga kuma wani sirri. In angon yana da PlayStation 5 mai ramin faifai, ko Xbox Series X, to kuna da na'urar 4K a gida ba ku sani ba, duk suna kunna faifan. Ba sai an sake saye ba. Illa dai PlayStation 5 ba ta karɓar faifan CD, don haka tsofaffin VCD da faifan karatu ko wa'azi ba za su yi a cikinta ba.

Ki kula da kalmomin da ke jikin kwali. Akwai na'urorin DVD da Blu-ray da ake rubuta wa 4K alhali hoton kawai suke buɗawa ya cika allo, ba sa iya karanta faifan 4K ko kaɗan. In ba ki ga tambarin Ultra HD Blu-ray a jikin na'urar ba, ajiye musu kayarsu.

Sai maganar shiyya. Shi faifan 4K ba a kulle shi da shiyya ba, daga ko'ina ya zo zai yi. Amma na'urar tana duba shiyyar Blu-ray da DVD. A tsarin Blu-ray Nijeriya tana shiyyar B tare da Turai da ƙasashen Larabawa, Amurka tana A, Indiya tana C. A tsarin DVD kuma mu da Indiya muna lamba 5, Amurka 1, Ingila da Saudiyya 2. Ƙananan DVD ɗin kasuwa komai aka ba su ci suke, amma waɗannan manya suna da tsirfa, wasu ko VCD ba sa karɓa. In wani ɗan uwa zai yo miki tsarabarta daga waje, ta Ingila ko Dubai ta fi dacewa da mu. Ta Amurka a duba bayanta da kyau. Wutarmu bolt 230 ce, tasu 120. In an rubuta 100 zuwa 240 ba matsala, in kuwa 120 kaɗai aka rubuta kika soka ba tiransifomar rage wuta, hayaƙi za ki gani.

IN AN SHIGA KASUWA

Ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi za ku saya, ko a shagunan titin Ahmadu Bello, ko 'yar gwanjo a Kasuwar Barci, ko a Sabon Garin Kano, kada ki yarda da cinikin biri a sama. Ki tafi da yayanki ko kawunki wanda ya san kan kayan wuta. Ki riƙe faifanki na gida, wanda kika san shi za ki riƙa kallo, da filas ɗinki, a gwada a gabanki. A sa faifan 4K na gaskiya ya yi aƙalla minti goma sha biyar kina kallo, a tura shi gaba a dawo da shi baya, don mai raunin ido a tsakiyar fim take maƙalewa. A duba rimot nata ne na asali. A karɓi rasit mai lambar jikin na'urar da sharaɗin mayarwa a rubuce. Mai shagon da ya ce ba shi da faifan gwaji, ki yi masa godiya ki ƙara gaba. Shi da ke sayarwa bai samu faifan ba, ke a ina za ki samu?

In ta zo gida, ki ajiye ta inda iska ke ratsawa, kada a ɗora mata dikoda ko kwalliyar fulawa a kai. Lokacin hunturu ƙura ce babbar maƙiyarta, a rufe ta da ƙyalle in ba a amfani da ita. Faifan 4K ya fi DVD saurin fushi, shatin yatsa ɗaya mai maiƙo ya isa ya sa shi tsalle. A riƙe shi ta gefe, a goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

AMSATA

To ƙanwata ta Badarawa, ga shawarar Antinki. Ki je ki durƙusa gaban Mama ki ce ta mayar da sarƙarta cikin adaka, kin yafe. In kuɗin adashen ya kai, a sayi madaidaiciyar talabijin mai ramin filas da sitabilaiza. In kina da tsofaffin faifai da kike ƙauna, ƙaramar DVD ta ishe ki. Abin da ya yi saura ki ja jari da shi, ko keken ɗinki ko ƙaramin firij na ƙanƙara da zoɓo, abin da zai shigo miki da ɗari biyar da dubu kullum. Kuma ki tuntuɓi angon ta hanyar da ta dace, don a gidaje da dama ango ne ke sayen kayan kallo. In shi ne mai sha'awar 4K, ga ƙofa nan a buɗe, ya saya da kuɗinsa in Allah Ya buɗa masa.

Ku kuma sauran 'yan matan, ku ji da kyau. Ba a taɓa ɗaura aure liman ya tambayi inci nawa ne talabijin ba. Waliyyi ake tambaya da sadaki da shaidu. 'Yan ganin ɗaki kwana bakwai za su yi suna zarya, su yaba ko su kushe, su kama gabansu. Bashin da aka ciwo kuwa shi ke kwana da iyaye shekara da shekaru, wani uban ma hawan jini ya kama shi saboda kayan da za su tsufa kafin a yaye ɗan fari. Ƙawar da kike hange ba ki san me aka jinginar aka yi mata ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Sa albarkar uwa da ta rabu da ke tana murmushi ba ta da bashi a wuya, wallahi ta fi duk wani kayan jere.

'Yan makaranta kuwa da na san kuna karanta wannan fili a ɓoye cikin littafin lissafi, na gan ku! Ku bar zancen kayan ɗaki tukuna, ku riƙe biro. Wadda ta yi karatu ta kama sana'a, ranar da ta ga dama ita za ta shiga shago ta nuna abin da take so da yatsa, ba wanda zai sayar da gadonsa dominta.

Nan zan dasa aya sai fitowa ta gaba, inda in Allah Ya yarda za mu taɓo maganar ankon biki da yadda yake raba ƙawaye. Mai tambaya ko ƙorafi ta aiko ta adireshin mujalla kamar kullum, mai son a sakaya sunanta ta faɗa. Allah Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, Ya rufa wa iyayenmu asiri duniya da lahira, Ya bar zumunci.

Taku har kullum,
Antinku ta Unguwar Dosa, Kaduna.